Malam Isiyaku Tafinta da Maganar da Ba a Tambaye Shi Ba

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Malam Isiyaku Nagoda a birnin Zariya cikin shekarar 1916. Mahaifinsa Malam Mika'ilu malamin allo ne, mahaifiyarsa Ishatu. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, sannan aka sa shi elementare, daga nan ya wuce Midil, inda ya iya Turanci har malamansa suna yaba masa.

Aikinsa

A shekarar 1941 aka ɗauke shi tafinta a kotu, yana mayar wa mutane maganar joji cikin Hausa. A can ya samo wata kalma ta Turawa, diktam, wadda ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Yakan ce maganar joji iri biyu ce. Akwai hukunci, wanda ba makawa sai an bi. Akwai kuma diktam, wato maganar da babba ya faɗa da nauyinta, a saurara, a auna, amma ba ta ɗaure kowa ba.

Aurensa da Iyalinsa

A shekarar 1946 ya auri Mairama, 'yar Tudun Jukun, bayan 'yan shekaru suka tare a gidan da ya gina a Tudun Wada. Allah Ya ba su 'ya'ya huɗu, Labaran ne babba. Malam mutum ne mai ƙarancin magana, shi ya sa in ya yi ta, unguwa kan riƙe, har ɗaliban shari'a na makarantar Kongo sukan zo zaurensa su zauna. A cikin gida kuwa, duk abin da ya faɗa sai yaran su tambaya, "Baba, hukunci ne ko diktam?" Wanke hannu kafin cin tuwo hukunci ne. Kada a sha rake a tsakar gida, wannan diktam ce, shi da kansa yakan sha. Mairama ba ta taɓa yin tambayar ba, takan ce bakinta bai dace da Turanci ba.

Shekarun Rabuwa

A shekarar 1975, da kuɗin mai suka cika ƙasa, Labaran ya bar kwalejin horar da malamai ya kama tuƙin babbar mota, yana ɗauko siminti daga Ikko. Ranar da Malam ya ji, a gaban mutane ya ce, "Wanda ya ajiye alƙalami ya ɗauki sitiyari, zaurena ba hanyarsa ba ce." Saboda yadda fuskarsa ta kasance a ranar, ba yaron da ya iya buɗe baki ya yi tambayar da aka saba. Maganar ta bazu, iyaye suna tsorata 'ya'yansu da ita.

Labaran ya ɗauke ta hukunci. In ya shigo gari sai ya tsaya a tashar Kwangila ya aiko da gaisuwa, mahaifiyarsa ta je ta gan shi a gidan maƙwabta. Sallah bayan Sallah ana haka. Mairama dai ta lura Malam ya janyo buzunsa daga ƙuryar zaure zuwa bakin ƙofa, kuma duk lokacin da babbar mota ta wuce a titi yakan tsaya da karatu har ƙararta ta ɓace.

Rashin Lafiyarsa

A damina ta 1978 ciwo ya kwantar da shi. Wata safiya Mairama ta kawo masa kunu, ta zauna a gefen tabarma ta ce, "Malam, yau zan yi tambayar yara. Maganar yaron nan, hukunci ce ko diktam?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ashe bakin ya iya. Diktam ce, Mairama. Tun ranar nake jiran wani ya tambaya."

Aka aika Kwangila. Da Labaran ya iso, ya cire takalmi ya tsaya a ƙofar zaure, ya kasa shiga. Malam ya ɗaga murya daga ciki ya ce, "Shigo mana, direba, ko sai na fassara maka?" Daga ranar Labaran ne ya yi jinyarsa, shi ke tayar da shi, shi ke yi masa alwala.

Rasuwarsa

Malam Isiyaku ya rasu ranar wata Juma'a kafin a yanke gero, kansa a kan cinyar Labaran. An yi masa sallah a ƙofar gidansa, aka binne shi a maƙabartar Tudun Wada, Labaran ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Ya bar matarsa Mairama da 'ya'ya huɗu: Hajo, tana aure a Tudun Jukun, Zinatu, tana gida, Salmanu, yana karatu a Kongo, da Labaran, direba, wanda in ya dawo daga tafiya ta zaure yake shigowa. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka makwancinsa.