Zaren Buhu a Cikin Inji

A zamanin da Faransawa ke riƙe da ƙasa, tarakta ɗaya ce a Matameye, tsohuwa, wadda aka kawo daga wani wuri bayan ta gama cin ƙuruciyarta. Aikinta jan tirela cike da buhunan gyaɗa daga Yauri da Dawce. Ni ne mai gyaranta, don ɗan maƙera ne ni, kuma na yi shekara biyu a garajin kamiyo, wato manyan motoci, a Damagaram. Mai tuƙa ta wani tsohon soja ne, Babarbare, wanda ya girme ni nesa. Baba nake ce masa. A kanmu akwai wani Nasara mai kula da harkar noma.

Wata Laraba da hantsi Baba ya shigo gari a ƙasa, ya ce allurar agogon da ke nuna ƙarfin man inji ta kwanta, ya kashe inji a bakin hanyar Yauri. Nasara bai tambayi komai ba. Ya ce ta bakin tafintansa an sace mai an sayar, ya dubi Baba, ya dube ni.

Muka tafi wurin taraktar ni da Baba. Da isarmu na zaro sandar awo, na goge, na mayar, na sake zarowa. Mai cike yake har alama. Na shinshina, na murza a yatsa, ko an gauraya shi da man gyaɗa. Lafiyarsa lau.

"Ka gani," in ji Baba. "Agogon ne ke ƙarya. Ko kuwa wani ya taɓa shi."

Na san da wa yake. Ya daɗe yana zaton ina son kujerarsa. Na kwance siririn bututun jan ƙarfe da ke kai mai ga agogo, na ce ya juya injin da hannu. Ya juya har ya jiƙe da zufa, ko ɗigo bai fito ba. Ashe agogo gaskiya ya faɗa, mai ba ya hawa. Na buɗe wurin ɗan ƙwallon da ke rage ƙarfin mai, ko ya maƙale. Shi ma ba abin da ya same shi.

Sai da shanu suka ja taraktar zuwa gari. Washegari na tsiyaye man, na sauke kaskon mai da ke ƙarƙashin inji. A bakin famfo akwai 'yar rariya da ke tace mai, na same ta a toshe da wani baƙin abu kamar gashi. Na wanke shi da kananzir, na shimfiɗa a rana. Zaren buhu ne, cikin tafin hannu guda.

Zaren buhu ba ya shiga inji da ƙafarsa. Zuciyata ta tafi kan masu raƙuma, waɗanda tarakta ta ƙwace wa dakon gyaɗa. Na tuna yadda suke tsayawa kusa da ita a kasuwa. Baba kuma ya gaya wa tafinta ni kaɗai ke buɗe cikin inji. Na wanke rariyar, na ɗaura komai, muka tayar, allura ta miƙe. Ba wanda ya yi murna.

Daga ranar na shiga sa ido. Na lura Baba ba ya bari in zuba mai, kullum cewa yake ya riga ya zuba. In na matso gefen hagu na inji, sai ya samo abin da zai aike ni. Ran nan ya tafi alwala, na kai hannu kan murfin wurin zuba mai. Murfin ya fito ba tare da na murɗa ba. Gindin gwangwani ne aka shafa wa baƙin mai, a ƙarƙashinsa an cusa tsumman buhu, zafi ya cinye rabinsa.

Ina riƙe da shi ya dawo. Ya tsaya, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Baba, ina murfin?"

"Ya faɗi a yashi tun farkon kaka. Na nema har na gaji." Sannan ya ce, "Ka san Nasaran nan. In ya ji, gidan kaso zai kai ni. Sai ka hau kujera."

Na ce ba kujerarsa nake nema ba. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa mai tallan magani.

Na tafi maƙerar mahaifina, na ƙera murfi da guntun ƙarfen durum, na sa masa fata a ciki don ya kama, na ɗaure shi da 'yar sarƙa. Ga Nasara na ce datti ne na shekaru ya taru. Bai yarda ba. Ya sa aka kulle durum ɗin mai a ɗakinsa, kuma duk ranar zuba mai sai ya tsaya a kanmu.

Masu raƙuma ba su taɓa sanin na zarge su ba, amma na yi wata guda ina amsa gaisuwarsu da ƙyar, abin yana damuna har yau. Baba kuwa ya ƙara kaka biyu yana tuƙi. Duk lokacin da ya gan ni da tafinta, sai ya bar abin da yake yi ya matso ya ji. Da idonsa ya raunana ya koma garinsu, aka kawo wani direba daga Kance.