Uwar Jinya a Kan Gado

A danginmu Uwar Jinya ake kiran Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu. Duk wanda aka kwantar a asibiti, ita ce za ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki filas da buta, ta bi shi. Ta san yadda ake juya marar lafiya ba a fama masa ciwo ba, ta kuma san lokacin da ya kamata a yi shiru. A wajenmu barin mutum shi kaɗai a asibiti abin kunya ne ga dangi gaba ɗaya, ita kuwa ta ɗauke mana wannan kunyar tun ba a haife ni ba.

Shekarar da na dawo daga karatu ita ce shekarar annoba. A farkonta Gwaggo ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu, ƙarami kamar ƙwayar wake. Ba ta ɓoye ba. Ta tafi sashen da ake duba mata, ta tarar an mayar da shi wurin killace masu annoba. Mai gadi ya ce ta dawo in abin ya lafa. Kafin a sake buɗe sashen, ƙullutun ya kusa kai ƙwan kaza, hammata ma ta fara yi mata nauyi.

Ni na kai ta. Aka ɗebi ɗan nama aka auna. Likita ya ce ciwon daji ne, ya yi nisa fiye da yadda ya so, amma bai fi ƙarfin magani ba in an fara yanzu. Za a kwantar da ita a riƙa sa mata magani ta jijiya, daga baya a yi aiki. Gwaggo tana gyaɗa kai, har ya zo kan cewa an hana masu jinya shiga saboda annoba.

"Wa zai zauna da ni?" in ji ta.

"Ma'aikatanmu suna nan, Mama."

"Allah ya yi musu albarka. Na ce wa zai zauna."

Ta gyara takunkumin fuskarta, ta ce mu tafi gida.

Makonni suka shuɗe, ciwo na ci, Gwaggo ta kafe. Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya koma tsokana.

"Ke da kika kwana ƙarƙashin gadon kowa, yau gadon kike tsoro?"

"Ba gadon nake tsoro ba, Yaya. In leƙa ƙarƙashinsa in ga ba kowa, shi nake tsoro."



Da hannunta na hagu ya fara kumbura, ta yarda in kai ta a duba shi kawai. Muna zaune a benci, an bar gurbin mutum ɗaya tsakaninmu, sai wata dattijuwar nas ta tsaya tana kallonta. Ta shaida ta ta ido, don sun sha haɗuwa a bakin gadon 'yan uwanmu.

"Uwar Jinya, yau wa kika kawo mana?"

"Kaina na kawo, kuma da shi zan koma."

Nas ɗin ta yi dariya, ta zauna a gurbin nan duk da dokar ba da tazara. Ba ta yi mata wa'azi ba. Hira kawai ta kawo, cewa akwai wata malamar makaranta a ciki mai irin ciwonta, mijin yana wuni a bakin ƙofar asibiti yana kallon taga. Gashinta ya fara zuba, ta daina magana da kowa.

"Tana amai?" in ji Gwaggo.

"Tana yi."

"Wa ke riƙe mata kai?"

"Duk wadda hannunta ya samu sarari a cikinmu. Sau da yawa babu. Gadon kusa da nata ba kowa a kai."

Gwaggo ta daɗe tana kallon hannunta mai kumburi. Sannan ta juyo gare ni.

"Ɗan nan, je ka gaya wa ubanka ya daina cika baki, ba don shi na shiga ba."

Iyakata ƙofar gilashi. Na ga bayanta tana tafiya a hankali, tana leƙa gadaje ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman ɗan uwa.

Washegari aka sa mata maganin farko. Da la'asar na kira ta a waya, muryarta ta dushe, da ƙyar nake jin ta.

"Gwaggo, ya jiki?"

"Da sauƙi," in ji ta. "Malamar ta ɗan sha shayi, yanzu barci ya ɗauke ta. Yi magana a hankali."