Guntuwa Ta Biyo Ka A Baya, Ragib

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, 2020, da hantsi, Allah ya karɓi ran Ragib Mujkanović, makanike, a gidansa da ke bakin gadar ƙauyenmu na Jasik. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Amma kafin in ce komai a kanka, Ragib, bari in amayar da abin da na daɗe ina haɗiyewa. Mutanen kwarin nan ba su kyauta maka ba. Kai ka sauko musu da matattunsu daga kan dutse, da suka gama binne nasu sai suka daina hawa, suka bar ka kana neman naka. Kana raye ka hana ni faɗi. Yanzu ba ka da bakin hana ni.

Bayan yaƙi muka haɗu a aiki. Na dawo daga Sarajevo da takardar injiniya a jaka, masana'antar da na ba ƙuruciyata ta zama kango, sai tattabaru. Kai kuwa kana garejinka, kana sayen tsofaffin motocin soja da ake gwanjonsu, kana gajarta su don masu jigilar gungumen katako, domin kwana-kwanar hanyar dutsenmu ba ta karɓar doguwar mota. Ka yanke shasi, ka rage farfela, ka haɗa da walda. Sifirin ne kawai ba ka taɓawa, wannan mai falle-falle na ƙarfe da aka jera kamar littafi, saboda gungume yana da nauyi, shi ke danne motar ta zauna. Ka ba ni benci da sifana, ba ka taɓa tambayata yadda aka yi na faɗo har nan ba.

Ɗanka Ekrem yana da shekara goma sha tara lokacin da ya bi ayarin masu gudun yaƙi ta cikin daji a shekarar 1993. Bai fito ba. Da masu tono gawarwakin yaƙi suka fara gano ramukan da aka binne mutane a can sama, motocinsu suka kasa hawa, sai suka roƙe ka. Muka hau da motar katako, muka ɗora akwatunan ƙasusuwa, muka juyo. Ba mu yi nisa ba bayan motar ya fara tsalle, akwatunan suna bugun juna, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ka taka birki, ka kashe inji.

"Injiniya, ka ji?"

"Na ji."

"Wannan don igwa da gungume aka yi ta. Mutum kuwa in ya koma ƙashi bai kai buhun dankali ba. 'Ya'yan mutane ne fa muke jijjigawa haka."

Da ƙafa muka ƙarasa saukowa da su a ranar. Washegari ka jawo wata koriyar mota daga bayan gareji, ka ce wannan ba ta katako ba ce. Ka gajarta ta fiye da duk wadda ka taɓa yi, sannan muka zauna a kan maganar sifirin. Mota gajera marar kaya, in aka bar mata sifirin na soja, tsalle take yi kamar akuya. Dole a zare wasu fallayen, amma in aka zare da yawa sai ta kwanta a kwana.

"To, karatun nan na Sarajevo yau zai yi rana," ka ce, "ko dai a jikin bango zai ƙare?"

"Kai dai gyara waldarka," na ce, "ta yi kama da kashin kaji."

Na yi lissafi, ka gwada da hannu, muka tsaya a kan falle biyar a kowane gefe, muka ƙara mata shokozoba na wata tsohuwar bas. Ranar gwaji ka shiga kicin ka ɗauko finjalin Zumra, matarka, ka cika shi da gahawa, ka ajiye a bayan motar, ka tuƙa ta kan katakon gada. Zumra ta fito da gudu tana cewa, "Tsoho, finjalin aurena ne! In ya fashe kai ma ka kwana a gareji!" Ka dawo, gahawar ba ta zube ba. Ka miƙa mata kana dariya ka ce, "Sha, tsohuwa, ta ɗan huce." Rabonka da dariya tun kafin yaƙi, in ji ta. Yaran ƙauye suka sa wa motar suna Guntuwa, sunan ya bi ta.

Ban san yawan mutanen da Guntuwa ta dawo da su gida ba. Abin da na sani shi ne yadda kake tuƙa ta. A hankali, tagar baya a buɗe, kana magana da su. In za ka shiga wuri marar kyau sai ka waiwaya ka ce, "Ku yi haƙuri, ga rami." In mun hau gada sai ka ce, "Mun iso gida." Da farko na ɗauka kanka ya taɓu. Daga baya ni ma in ka manta sai in ji hankalina bai kwanta ba. Tsohuwa Hanifa, wadda ka kawo mata mijinta, ta kama hannunka mai baƙin mai ta sumbata a gaban jama'a, kunya ta sa ka ɓuya a ƙarƙashin mota har ta tafi.

Duk saukowa sai a ɗebi samfurin ƙashi a kai gwaji, ka jira, a ce ba Ekrem ba ne. Na wani ne, na wani ne, kullum na wani. A hankali masu tono suka koma wasu wurare. Mutanen da suke bin mu da shebur suka ragu, suka ƙare. Muka rage mu biyu, tsofaffi, duk bazara in ƙanƙara ta narke muna hawa muna caka sanda a ƙasa ko za mu dace da wani rami. Kowace Juma'a bayan masallaci ka tada Guntuwa ta yi ɗumi, ka duba sifirinta, ka kashe. Ko itacen girki ba ka yarda a ɗora mata ba. A shagon gahawa kuwa, mutanen da ka kawo wa iyayensu suke tsokanarka: "Oga Ragib, ka sayar da ita mana, ko aurar da ita za ka yi?" Kai ka yi murmushi. Ni ne nake tashi in bar musu wurin.

Da kaka ciwon huhu ya kwantar da kai. Sead, mijin 'yarka Fadila, shi ya ɗauki nauyin gidaje biyu, kuma tasa motar ta lalace a farkon sanyi. Ya mayar wa Guntuwa fallayen da muka zare, ya shiga jigilar gungume da ita. Ban zarge shi ba, yaron kirki ne, kuma bai taɓa jin wancan ƙwas ɗin ba. An ɓoye maka. Amma wata safiya ina zaune a gefen gadonka, ta ratsa gada babu kaya, ka buɗe ido.

"Wa ya mayar mata da fallayen?"

"Kwanta, tsoho, kunnenka ne," in ji Zumra.

Ka dube ni, na ce maka Sead ne. Aka kira shi, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu.

"Baba, wallahi da ƙanƙara ta narke zan zare su da hannuna."

"In aka kira gobe aka ce an ga Ekrem fa?"

Ka juya fuskarka bango. Ba ka sake tada maganar ba har ka cika.

Ranar Laraba aka yi maka salla bayan azahar. Makabarta tana can sama a tsohon ƙauye, dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, babu motar da za ta hau sai Guntuwa. Na ce a ba ni lokaci in zare fallayen, liman ya ce rana gajera ce, ba a sa gawa jira. Aka ɗora makararka a baya, Sead ya ja. Tayar baya tana hawa katakon gada, makarar ta ɗaga ta dawo. Ƙwas. Ta sake. Ƙwas. Ciwo ya cinye ka, Ragib, ba ka da nauyin da zai danne ta.

Sead ya taka birki ya kifa kansa a kan sitiyari. Sai tsoho Hamdo, wanda ka kawo wa ƙannensa biyu, wanda kuma ya fi kowa tsokanarka a shago, ya daka tsawa: "Ku sauko da shi! Wannan mutumin ne za mu jijjiga? Ku sauko da shi, na ce!"

A kafaɗa aka hau da kai, hannu yana miƙa wa hannu, tsofaffi suna zamewa suna tashi. Hanyar ba ta da wurin juyawa sai an kai sama, don haka Guntuwa ta biyo ka a baya, babu kowa a cikinta sai direba, tana tsalle. Da muka zo wani wuri marar kyau kusa da maɓuɓɓuga, sai na ji bakina yana cewa, "Yi haƙuri, ga rami." Allah ya saka wa waɗanda suka ɗauke ka. Amma hawan yini guda bai goge shekarun da suka bar ka kana hawa babu su ba, kuma ba zan ce ya goge ba.

Sead ya zare fallayen washegari, suna jingine a bangon gareji. Ni kuwa tun ranar, ko keken doki ne ya ratsa gadar nan, wancan bugun nake ji.

Allah ya jiƙanka, Ragib, ya gafarta maka, ya sassauta maka kwanciyar kabari kamar yadda ka sassauta wa bayinsa hanya. Allah ya haɗa ka da wanda ka nema. Ina miƙa ta'aziyyata ga Zumra, da Fadila da 'ya'yanta, da Sead, Allah ya ba su haƙuri, ya cire wa Sead nauyin da ya ɗora wa zuciyarsa.

Mun binne ka a gefen filin da ka keɓe wa ɗanka. Filin yana nan babu kowa. Ekrem har yau yana kan dutse.

Nusret Alispahić, Jasik