Makullin da Mas'ud Ya Rataya a Wuya

Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki a shagon da ke jikin situdiyon Mas'ud a Talata Mafara, kuma ban taɓa ganin mai rowar magana irinsa ba. Ka gaishe shi ya amsa, ka ƙara ya ce "lahiya lau," shi ke nan kasuwa ta tashi. Kiɗa yake haɗawa a kwamfuta: waƙar amare, ta 'yan Islamiyya, tallan takin zamani. Mai yi masa magana da duniya shi ne amininsa Abdulmumini, mawaƙi ɗan Tsibiri ta ƙasar Maradun, wanda in ya shigo layinmu har mai shayi sai ya bar tukunya ya zo jin surutu.

Manhajar da suke aiki da ita ba ta buɗewa sai an soka wa kwamfuta wani ɗan abu mai tsawon yatsa, kamar filas ɗin ajiye waƙoƙi, su suna ce masa makulli. Tare suka saye shi, amma da lambar wayar Abdulmumini aka yi rajista, don shi ne mai rawar kai. Mas'ud kuwa, gudun kada ya ɓace, ya kai wa baduku ya ɗinka masa kube na jar fata, ya rataya a wuya. Mutane suka ce layar farin jini ce. Ni dai ban ga inda farin jinin ya sauka ba, tunda ko abinci shi kaɗai yake ci.

Da wata damina Abdulmumini ya rasu, zazzaɓin kwana huɗu. Ya bar waƙa ɗaya ta manoman rani, an ɗauki murya ba a gama haɗawa ba. Shekara biyu Mas'ud bai buɗe ta ba. In na tambaye shi sai ya ce, "Sai gobe." Situdiyo ya yi tsit, har na riƙa kewar hayaniyar da a da nake tsinewa.

Ana nan sai kwamfutarsa ta mutu. Mai gyara ya kwaso masa ayyukansa ya zuba a sabuwa, amma da ya soka makulli sai manhaja ta ƙi shi. Ashe kamfanin ya daina amfani da makulli. Yanzu ta intanet ake tabbatar da mai lasisi: za su tura lambobi shida zuwa wayar da aka yi rajista da ita, kuma wa'adin sauyawa ƙarshen wata ne. Muryar Abdulmumini kuwa a yanke take gunduwa-gunduwa, fiye da ɗari, manhajar nan kaɗai ta san jerinsu.

Mas'ud ya tafi Tsibiri wurin Batulu, matar marigayin. Ta fito da wayar daga ƙasan akwati. A gidansu ba a taɓa kayan mamaci sai an raba gado, gadon kuwa rigimar gona ta riƙe shi. Shekara biyu waya a kashe, layi ya mutu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Layin ga na wani na yanzu." Bai tambaye ta yadda ta sani ba.

A shagona ya buga lambar. Na ga sunan Abdulmumini ya fito a fuskar wayar. Wani tsoho ya ɗauka.

"Salamu alaikum, wa na?"

Mas'ud ya fara bayanin lambobi shida.

"Lamba? Ku na waɗanda anka hwaɗi cikin rediyo! Ba ni hwaɗi." Ya kashe.

Ban ga laifinsa ba, ni ma da haka zan yi. Kira tara cikin kwana uku, abin da Mas'ud ya samu kawai shi ne sunansa Malam Umar, manomin albasa a Bakura. Saura kwana biyu wa'adi ya cika ya saɓa jakar kwamfuta, ya hau mota, ya bi masu albasa da tambaya har ya same shi a fadama yana ban ruwa.

Bayan doguwar gaisuwa, Mas'ud ya cire kuben daga wuya ya ɗora a tafin tsohon, ya ba shi labari tun daga farko. Na tabbata bai taɓa yin magana mai tsawon wannan ba. Malam Umar ya daɗe yana juya fatar.

"Ashe layin mamaci na anka sai man. Allahu akbar. Shi ya sa wata mata ka kirana ran Juma'a, in yi sallama ta yi shiru, ta kashe."

A gindin mangwaro suka buɗe kwamfuta. Saƙo ya shigo. Tsohon ba ya karatun boko, sai ya miƙo wayar gaba ɗaya, ya ce, "Ɗauki abinka, Allah shi jiƙanai."

Washegari da hantsi Mas'ud ya leƙo shagona ya ce in zo. Shekara goma sha ɗaya, ranar ce ya fara kirana ciki. Ya kunna. Muryar Abdulmumini ta cika ɗakin, ba kiɗa ba amshi, yana wasa masu tashi da asuba su bi ruwa. Ni da nake cika bakin ba na kuka, sai ga ni ina share ido da tsumman ɗinki.

Da baiti na ƙarshe ya ƙare, ɗaukar ba ta tsaya ba. Muka ji ya yi dariya, ya ja numfashi, ya ce, "Mas'ud, kai shiru kamar kullum. Ta yi, ko mu sake?"

A faifan babu amsa. Na san halin mutumina, ranar kai kawai ya gyaɗa.

Mas'ud ya kalli ɗan ɗakin ɗaukar murya ta gilashi, babu kowa ciki sai makirfo da kujera. Ya danna maɓallin da yake yi wa mawaƙi magana da shi, ya matso da bakinsa.

"Ta yi, Abdu," ya ce. "Wallahi ta yi."