Sun ce wuta aka jona min a ka

Assalamu alaikum. Wata goma sha huɗu ke nan ban rubuta komai a shafin nan ba. Waɗanda suka saba ganin hotunan tsirena a Kazaure sun yi ta cigiya. Yau zan faɗa da bakina, tunda wasu sun riga ni faɗa da nasu.

Da ƙyamar nama abin ya fara. Ni da na gaji fawa, na tashi a cikinta, sai ga shi ƙarnin jini na tayar min da zuciya. In na taɓa kitse, in yi ta wanke hannu.

Daga nan barci ya lalace, magana ta zama aiki. Na daina fita. Sai in yi mako ban yi wanka ba, ina jin warin jikina, ina ƙyamar kaina, amma ɗaukar bokiti ya gagare ni.

Kawuna ya kai ni wajen wani mai magani a wani ƙauye bayan Roni. Ya lulluɓe ni da bargo mai tsamin zufar mutane, ya tura min kaskon hayaƙi, sannan ya ba ni wani jiƙo da ya yi kumfa don daɗewa. Kwana biyu ina amai. Da muka koma wajensa, mai maganin ya ce, "Ai ciwon ne ke fita."

Amma ba wannan ya fi ci min rai ba.

Akwai abokina tun na ƙuruciya, ba zan kama suna ba. Ya zo dubiya, ya zauna a gefen katifata yana ta "sannu Habu, Allah ya ba da lafiya." Ashe hotona ya ɗauka, gashi a cukurkuɗe, riga duk dauɗa. Kafin la'asar hoton ya zagaya wayoyin 'yan kasuwa, wai a ga yadda asiri ke mayar da mutum. Wasu suka ce ƙwaya nake sha. Wani dattijo da nake gaisarwa a tsugune ya ce raunin imani ne.



Ranar na ce wa matata Zainabu, da ba ni a duniya da kowa ya huta. Ba ta yi kuka ba. Mayafinta ta ɗauka, ta ce, "Baban Ummi, tashi. Yau asibiti za mu, ko da jan ka zan yi."

A Kano likita ya yi min tambayoyi, aka gwada jini, ya ce ciwon tsananin damuwa ne, kuma ciwo ne kamar hawan jini. Na sha magani na farko wata uku, na biyu wata huɗu. Nakan ɗan motsa kaɗan, sai in sake zubewa.

Sai ya ce akwai wata na'ura da ke motsa wani sashe na ƙwaƙwalwa da ƙarfin maganaɗisu, ana gwada ta ga wanda magani bai wadatar ba. Ya tura ni Abuja. Tsada ce da ita, ba zan ɓoye ba. Babur ɗina na sayar, ƙanwata Hauwa da ke aure a can ta cika, ta kuma sauke ni a gidanta.

Na ji tsoro. Na tambayi likitar can ko wuta za a jona min. Ta ce, "A'a, Malam Habu. Ba allura, ba yanka, idonka biyu za a yi a gama." Ta tambaye ni ko na taɓa farfaɗiya, ko akwai ƙarfe a kaina.

Ranar farko suka ɗora min abin a gefen kai, suna matsar da shi har babban yatsana ya motsa da kansa. Da haka suka gane ƙarfin da ya dace da ni. Aka toshe min kunne. Ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa min kai da bakin cokali. Kusan rabin awa, kwana biyar a mako, har mako shida.

Makon farko ciwon kai kawai na samu. A na biyu na ce zan koma gida. Hauwa ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri ka ƙarasa. In ka tafi yanzu, wa ka bari da nasara?"

A mako na huɗu na tashi da safe na yi wanka ba wanda ya ce in yi. Na nemi waya na kira Zainabu, muka yi hira har kati ya ƙare.

Kafin in dawo, labari ya riga ni isa gida: wai an ɗaure ni an jona min wuta a ka. Mai hoton nan har ya zo da fara'arsa zai rungume ni. Na miƙa masa hannu don Allah, na ce ya sauka lafiya. Iyakarmu ke nan.

Yanzu na koma bakin tukubar tsirena. Ina ci gaba da shan magani, ina ganin likita. Ya ce ciwon na iya waiwayowa, kuma ba kowa na'urar ke yi wa aiki ba. Ni dai Allah ya sa ta yi min.

Na gode wa Allah. Na gode wa Zainabu da Hauwa da mijinta, da likitocin nan biyu.

In kana jin irin abin da na ji ya wuce mako biyu, je asibiti, ka faɗi gaskiya duka, har tunanin mutuwa in yana zo maka. Kada ka yanke magani da kanka.

In kuma ɗan'uwanka ne ya yi shiru haka, kada ka tsaya jira ya nemi taimako. Mai wannan ciwon ba ya iya nema. Kai za ka je ka ɗauko shi.