Yatsa Uku a Lungunmu

Shekarun baya, shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ba wannan da ku kuka sani ba, wancan na farko, lokacin Katsina tana ƙarƙashin Kaduna, an kuma ɗan jima da daina tuƙi ta hagu, ɗiyata ta uku tana goye. Ni ban san lissafin shekarun boko ba. Da goyo nake ƙirga zamani, kuma ban taɓa ɓata ba.

Muna zaune a Ƙofar Guga, gidanmu can ƙarshen wani dogon lungu. Maigidana, Allah ya jiƙan shi, fata da ƙirgi yake saye yana kaiwa Kano. Ni kuma atamfa da shadda nake sayarwa a cikin gida. Ban taɓa shiga aji ba, amma ku tambayi duk wadda ta san ni, hannun nan nawa ya fi tef ɗin tela. Daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamu ɗaya ke nan, kuma in na auna an gama magana. In awon na ajiya ne, sai in yagi dogon ƙyalle in ƙulla shi daidai inda awon ya tsaya. Wannan ita ce takardata.

Alhaji ya taɓa faɗuwa a babur ya karye a cinya. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙafar ta fito gajera. Zama bai dame shi ba, tuƙi ma bai gagare shi ba, tafiya ce azaba. Shi ya sa da kasuwa ta yi kyau a shekarar nan ya ce zai sayi mota.

Ni ma ina da nawa ciwon, sai dai nawa ba a ƙafa yake ba. Ina da taubashiya a Ƙofar Marusa, mijinta ya shiga siyasa da aka buɗe ta, ba a jima ba sai ga su da wata babbar mota mai tauraro a hanci. Ni ban iya karanta sunan mota ba, da alama nake gane su. Ranar wani suna na isa gidansu na sha rana, ƙafata duk ƙasa, ta dube ni a gaban mata ta ce, “A'a, Hajiya mai atamfa! Yau ma a ƙafa?” Aka yi dariya. Wasan taubasai ne, na sani, ni ma na rama. Amma na dawo gida da maganar nan kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Da zan je Kano saro kaya, Alhaji ya ce mu tafi tare in ga motocin da ya yi ciniki. Guda biyu ne. Ɗaya 'yar ƙarama, ruwan ƙwai, an cika ta da komai: ga na'urar sanyi, ga rediyo mai cin kaset, ga agogo, kujerunta kamar karan-miski. Ɗayar kuwa fara ce mai tauraro, irin ta gidan taubashiyata, sai dai tsurarta. Ba sanyi, ba rediyo, inda ya kamata rediyon ya zauna ma wani faifai aka liƙa aka rufe ramin. Dillalin ya ce, “Alhaji, kuɗinsu kusan ɗaya ne. Wannan daɗi za ka saya, waccan suna.”

Alhaji ya shiga ƙaramar, aka kunna mashi sanyin. Ya miƙe ƙafar nan tasa, ya lumshe ido.

“Hajiya, zo ki ji. Kamar mutum ya shiga randa.”

Na ce ina zuwa. Ina tsaye gaban farar, ina kallon fuskata a jikin ƙarfen hancinta, har da gyara ɗaurin kallabi.

Da ya fito ya ce, “Ni dai abu ɗaya ne a gabana. Wadda za ta kai ni ƙofar gida, in sauka in shiga zaure. Ke ce mai awo, auna mana faɗinsu.”

Na ciro ƙyallen atamfa daga cikin kayana. Na auna ƙaramar na ƙulla, na auna babbar na ƙulla. Dillalin yana ta murmushi, wai bai taɓa ganin an auna mota kamar zanen gado ba. Na ce mashi yau ya gani.

Lungunmu yana da faɗi daga bakin titi, amma a tsakiya akwai inda ya tsuke, tsakanin bangon ɗakin wasu da dakalin wani tsoho maƙwabcinmu mai ɗinkin hula. A kan dakalin nan yake yini da allurarsa tun kafin a kawo ni gidan. Ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci, na fita na auna wurin, na yi ƙulli na uku. Na koma ɗaki na shimfiɗa ƙyallen a kan tabarma. Ƙaramar za ta wuce har da saura. Babbar ta fi lungun da yatsa uku.

Yatsa uku kacal. Na sake fita na sake aunawa, ko hannuna zai ji tausayina ya yi kuskure sau ɗaya a rayuwarsa. Bai yi ba.

Sai zuciya ta ce mani, to mene ne yatsa uku? Dakalin ƙasa ne. Mutum ya zo da mota mai tauraro, wa zai hana a ɗan sassabe mashi gefen dakali? Na naɗe ƙyallen na cusa ƙarƙashin kaya a cikin fantimoti.

Da Alhaji ya dawo daga masallaci ya ce, “Hajiya, ya awo?”

Na ce, “Duk biyun za su shiga.”

“Duk biyun?”

“Alhaji, ka taɓa ganin na yi kuskuren awo?”

Ya ce, “Ban taɓa ba. To, tunda haka ne, ki zaɓa.”

Ban ko yi kawaici ba. Na ce mai tauraro. Abokinsa, wanda suke fatauci tare, shi ya sayi ƙaramar.

Ranar da aka kawo ta, unguwa ta cika. Ina leƙe daga zaure, ina jin guɗa daga bakin titi. Ta shigo a hankali, a hankali, ta iso dakalin, ta tsaya. Direban da ya kawo ta ya ja baya ya sake gwadawa. Ya karkata ta nan, ya karkata ta can. Ina! Kamar an ce da ita nan ne iyakarki.

Tsohon nan ya ajiye hularsa ya miƙe ya ce, “Alhaji, a kawo gatari a rage shi mana. Ƙasa ce.”

Na ce a raina, alhamdu lillahi, ga shi ko roƙo ba a yi ba. Sai na ji muryar Alhaji.

“A'a, Baba. Wurin zaman nan naka ya girme ni. Mota ce baƙuwa, ita za ta yi haƙuri.”

Ya sa aka mayar da ita bakin titi, gindin wata bishiyar darbejiya kusa da shagon wani ɗan'uwansa. Ya ɗauki sandarsa ya tako har gida. Kafin ya buɗe baki na tare shi da cewa ai tsohon nan ya yi wa dakalinsa sabon yaɓe, shi ya ƙara mashi kauri. Ya dube ni ya ce, “Haka ne, yaɓe yana ƙara kauri. Akwai ruwa mai sanyi?”

Shi ke nan. Bai sake ta da maganar ba.

Na samu abin da nake so, kada in yi maku ƙarya. Ya kai ni Ƙofar Marusa a cikinta, ya tsaya daidai ƙofar gidan taubashiyata, ya danna oda har sau biyu don na roƙe shi. Ta fito ta riƙe haɓa ta ce, “Ashe an yi tauraro! To amma me ya sa kike zufa haka kamar wadda ta fito daga madafa?” Watan bazara ne, kujerar nan ta gasa mani baya, hodar fuskata duk ta dame. Na ce mata zufar arziki ce. Daɗin ranar nan bai kai mani la'asar ba.

Abin da ya kai ni shekara goma sha ɗaya shi ne ƙarar sanda. Kullum dab da magariba sai in ji ta daga bakin lungu: ƙwas, sai jan ƙafa, ƙwas, sai jan ƙafa. Taku ɗari da ashirin da huɗu ne daga gindin darbejiya zuwa zaurenmu. Ban yi niyyar ƙirgawa ba, kunnena ne ya ƙi bari. Da damina, in lungun ya yi taɓo, sandar ba ta ƙara, sai dai in gan shi ya shigo bakin wandonsa jage-jage, yana haki, yana cewa, “Hajiya, yau jirgin ruwa ya kamata mu saya.” In kawo ruwan ɗumi in gasa mashi cinyar, maganar tana nan a maƙogwarona, in haɗiye ta.

Amma kada ku ɗauka baƙin ciki muka yi ta yi. Tunda motar ba rediyo, in za mu Daura ko Jibiya gaishe da dangi, da mun fita gari sai ya ƙwanƙwasa faifan nan da yatsa ya ce, “Hajiya, kunna mana.” Ni kuwa abin nema ya samu. In kama labari tun daga bakin ganuwa, na kakata, na matan unguwa, in kwaikwayi muryar kowa, yana dariya har ya riƙa dukan sitiyari. In na yi shiru sai ya ce, “Batir ya mutu ne?” Ban taɓa samun mai saurare irinsa ba, kuma na ba mutane da yawa labari a duniyar nan.

Akwai ranar da abokin nan nasa ya zo, suna zaure, ina jin su ta bayan labule. Ya ce, “Alhaji, wahalar nan ta isa. Ka ba ni taka, ka karɓi tawa, ni gidana bakin titi yake.” Alhaji ya ce, “Bar ta kawai. Hajiya ta saba da ita.” Da na ɗaga labulen nan na ce a yi musayar, da an yi a ranar. Na tsaya ina tunanin abin da taubashiyata za ta ce in ta gan ni a ƙaramar mota. Har suka tashi ban motsa ba. A cikin 'yan kwanakin ne na nemi ƙyallen nan don in ƙona shi, na juye fantimoti ban gan shi ba. Na ce ƙila ya bi tsummokaran da aka cusa wa matashin kai, na ji sanyi a raina.

Katsina ta samu jiharta yana da rai. Bayan nan da 'yan shekaru ciwon ajali ya zo. Wata safiya ya kasa tashi, ko zaure ba zai iya kaiwa ba, balle bakin titi. Aka aika wa abokinsa. Sai ga 'yar ƙaramar nan ruwan ƙwai, ta tsufa, fentinta ya koɗe, ta shigo lungu, ta wuce dakalin ko gogarsa ba ta yi ba, ta tsaya daidai ƙofarmu. Aka tallabo shi taku uku aka zaunar da shi a gaba. Na shiga baya.

Abokin ya kunna sanyi. Ashe har lokacin yana aiki. Alhaji ya jingina kai ya lumshe ido, kamar dai ranar Kano, ya ce, “Ashe haka ake ji a sauka a ƙofar gida.” Sai ya yi 'yar dariya ya ce, “Au, ni hawa ma na yi.”

Na matso na ce, “Alhaji, akwai maganar da nake so in gaya maka. Kan awon nan ne.”

Bai buɗe ido ba. Ya ce, “Hajiya, bar ni in ji sanyin nan tukuna. In mun dawo.”

Kwanansa huɗu a asibiti.

Bayan na fita takaba aka zo rabon gado, za a sayar da motar. Babban ɗana ya kwaso abin da ke cikin aljihunta ya kawo mani: carbi, da kwalbar turare, da takardun mota a naɗe. An ɗaure takardun da ƙyallen atamfa. Na warware shi a kan cinyata. Ƙulli uku. Biyu daga ciki, na lungu da na babbar mota, sun yi baƙi sun yi sulɓi saboda murzawa, kamar 'ya'yan carbi. Mutumin da ya shekara ashirin yana kallon yadda nake ƙulla awo, ba ya buƙatar a karanta mashi takardata. Duk sanda ɗan sanda ya tsayar da shi a hanya, duk sanda zai sabunta takarda, sai ya kwance ƙyallen nan ya sake ɗaurewa. Ban san ranar da ya ɗauke shi ba. Ban san ko yana jira in faɗa da bakina ba ne, ko kuwa ya ɓoye shi ne don kada in sha kunyar faɗa. Da zan samu tafiya ɗaya da shi zuwa Daura, wannan kaɗai zan tambaye shi, sauran hanyar in ba shi labari.

Tsohon mai hula ya rasu, magadansa suka rushe dakalin suka mayar da zaurensa shago. Yanzu ba motar da ba ta isa ƙofarmu. Ɗana yana da wata mai sanyi, amma ya san ƙa'idata: a bakin titi yake ajiye ni. Ni ma yanzu da sanda nake tafiya. Ina yin taku ɗari da sittin kafin in kai zaure, ashe shi da gajeriyar ƙafarsa ma ya fi ni sauri.

Cikin waɗanda suka ga ranar da motar nan ta tsaya a dakali, kusan kowa ya tafi. Abokin Alhaji ya bi shi bayan shekara biyu. An sare darbejiyar. Saura matar ɗan'uwan Alhaji mai shago, ita kuma ba ta gane mutane. Sai ni, sai taubashiyata a Ƙofar Marusa, idonta ya tafi amma bakin yana nan. In na je gaishe ta, da ta ji ƙarar sandata a tsakar gida sai ta ɗaga murya ta ce, “Hajiya mai atamfa! Yau ma a ƙafa?”

Sai in ce mata, “E, a ƙafa.”