Yadda muka makara da makaɗan kalankuwa

Ana sallame sallar asuba ranar Alhamis muka bar Gusau, ni da direban bas ɗin da muka yi shata. Matasan garinmu, wani ƙauye gaba da Bungudu, su suka aike ni Tsafe in ɗauko makaɗan da za su buɗe kalankuwa ranar Juma'a. Bikin nan na bayan girbi shi ne babbar kasuwarmu a shekara. Masu waina, masu fura da nono, teloli, har mai ba da ajiyar kekuna, kowa na samun na rufin asiri. Yayana mahauci ne, kuma san da ya yi wata da watanni yana kiwo saboda ranar ya tanade shi.

Daren da za mu tashi ban yi barcin kirki ba, don ana wahalar mai. Duk gidan man da muka wuce layi ne kamar ba ya da ƙarshe, wasu direbobin har sun shimfiɗa tabarma ƙarƙashin motocinsu. Hanya ramuka, ga shingen 'yan sanda. Duk da haka da hantsi muna Tsafe.

Makaɗan sun shirya, amma shugabansu, wani dattijo mai kalangu, ya ce ba ya hawa mota da yunwa. Sai da ya sha koko da ƙosai a natse. Direba kuma ya je wurin 'yan bumburutu, masu sayar da mai a galan bakin titi, inda kuɗin ya ninka na bara har ya wuce. Na sunsuna galan ɗin, na ji kamar warin kananzir. Na faɗa masa.

"Malam, kai ko ruwan zamzam aka ba ka sai ka sunsuna," in ji shi. Makaɗa suka yi dariya.

Ba mu kai Kwatarkwashi ba mota ta fara tari, ta mutu. Muka tura har muka gaji. Kafin a samo makaniki ya wanke injin, rana ta yi sanyi, kuma man da ya rage sai zubarwa aka yi. Wata babbar mota ta ja mu zuwa Gusau. Nan na sami mai zuwa Bungudu, na roƙe shi ya gaya wa Yayana kada ya yanka sai ya ji gangarmu. Na maimaita masa har ya gundura.

Juma'a a layin mai ta ƙare mana. Na zagaya tasha neman wata motar, duk wanda ke da mai a tanki ya ce ba zai je ƙauye ya dawo babu fasinja ba. Na yi sallar Juma'a, amma Allah ya gafarta mini, hankalina na kan san nan.

Asabar da safe muka kama hanya. Tun daga Bungudu muka fara haɗuwa da baƙi suna komawa gida, samari a kan kekuna, 'yan mata da kwalliyarsu ta yamutse. Matan Fulani na tafe da ƙore a ka, nonon bai ragu ba. Wata ta leƙo ta ga ganguna, ta ce, "Sannunku da zuwa, an gama."

Na tarar da Yayana zaune gaban tukubarsa, ƙuda ya rufe nama. Na ce, "Yaya, saƙona bai iso ba?"

"Ya iso. Baƙi sun cika gari, mi zan ce musu? Na yanka."

Ashe mutane sun zo fiye da bara, amma sun ƙi taɓa aljihu. Saurayi ba ya saya wa budurwa tsire sai kiɗa ya ɗau zafi, an kira sunansa a fili. Da suka ji shiru, kowa ya ci guzurinsa ya kwanta a inuwa. Masu waina sun raba wa 'ya'yansu, sauran ta yi tsami.

Dattijon mai kalangu ya rataya gangarsa ya tsaya gaban tukubar, ya yi wa Yayana taken mahauta. Mutanen gari suka fito, amma su ma masu sayarwa ne, ba masu saye ba. Abin da bai juya ba aka yanyanka aka yi banda. Sauran ni na taya shi haƙa rami bayan gari muka binne.

Da yamma muka mayar da makaɗa, na sauka Gusau da warin naman a hannuna. Abin da na koya shi ne, taron jama'a kaɗai ba ya ciyar da gari, ganga ce ke kwance bakin aljihu. Da muke sallama na tambayi Yayana ko zai yi kiwo don baɗi. Ya dubi turken da babu komai, ya ce, "Da mi?"